Fetur Zalla a Besfar Baba

Ni ba tsohuwa ba ce, kar wani ya ga na zauna ina tuna baya ya ɗauka furfura ce ta cika min kai. Amma a garin nan ba sai mutum ya tsufa yake ganin abu ya ƙare a kan idonsa ba, ba kuma sai ya tsufa yake ganin an ɗauki ƙarya an yi mata wanka an fesa mata turare an zaunar da ita a tsakar gida ba. Abin da ya tayar min da maganar nan kwanan baya ya faru, ranar sunan ɗan Hamma, wato yayana. An ɗauke wuta tun safe, suka ari ƙaramin janaretan da nake aiki da shi a shagon ɗinkina, ni da kaina na kawo shi da mansa a ciki na tayar musu. Ina tsugune a bayan gida ina wanke kwanuka sai na jiyo muryar Bappa, ƙanin mahaifinmu. Ya tara jikoki a gindin darbejiya, inda gawar besfar Baba take jingine, kaji sun mayar da ita wurin saka ƙwai. Yana ce musu, “Kun ga wannan? Ta kakanku ce. Ranar da aka yi sadakar ukunsa ita ma ta tsaya cak, ba ta sake tashi ba har yau. Ƙarfe ne fa, amma ya san mai shi. Bin sa ta yi.” Yara suka ce Allahu akbar. Ni kuwa na ci gaba da dirzar tukunya har soson ƙarfe ya yanke ni a yatsa.

Yaran nan ba su san besfa ba. Abin da suka buɗe ido suka gani keke mai ƙafa uku ne da acaɓa, duk muryarsu ɗaya, duk haukansu ɗaya, in goma suka wuce ƙofar gida ba ka iya cewa ga na wane. Da ba haka unguwarmu Nasarawo take ba. Kowane magidanci da abin hawansa, kowane abin hawa da kukansa. Ta Baba ruwan bula ce da rana ta cinye, ƙugunta faffaɗa, tana da faranti a gaba inda yake ɗora ƙaramin buhun kanwa in zai tafi rumfarsa a Kasuwar Gombe, don kanwa da gishirin shanu yake sayarwa. In an buga mata kik sai ta yi tari, ta yi kamar ba za ta tashi ba, sannan ta kama, fam, fam, fam, a hankali, kamar ana dakan fura a gida na uku. Bayanta ɗan siririn hayaƙi shuɗi, mai wani ƙamshi da har gobe ban manta shi ba. Da la'asar tun tana kwanar masallaci muke jin ta. Inna ba ta duba agogo, tana jin fam-fam ɗin nan za ta miƙa hannu ta ɗauki kofin silba ta nufi randa, kafin ya jingine ta ruwa yana jiransa a bakin ƙofa.

A ruga aka haifi Baba. Shanu suka ƙare, ya shigo gari, amma hannunsa bai manta ba. Yadda yake tsugunawa gefen besfar nan da safe, ya dafa cikinta, ya karkatar da kai yana saurare, wallahi saniya ce a wurinsa. Ni ya ɗauka ya koya wa kiwonta, tun ina ƙarama. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka shi da Bappa da kowa a gidan Dada suke kirana, wato uwa. Hamma ne ya kamata ya koya, amma Hamma kunyar besfa yake ji. In Baba zai kai shi makaranta sai ya ce a sauke shi tun daga nesa, kar abokai su ga ya sauko daga kwanon wanka. A wurinsa duk abin da muke yi da safe tsirfar tsofaffi ce.

Ga aikin. Bayan sallar asuba in na share tsakar gida, sai in ɗauko galan ɗin fetur, da mazurari, da wani tsohon ɗankwalin Inna da muke tacewa da shi, da robar mai, da gwangwanin madara. A cikin gwangwanin, daidai rabinsa, akwai zane da Baba ya yi da ƙusa. Galan ɗaya na fetur, mai zuwa kan zanen nan. Ba a tanki ake haɗawa ba, a galan ake haɗawa, a rufe, in rungume shi in yi ta jijjigawa har hannuna ya gaji, fetur ɗin ya koma launin zoɓon da aka cika wa ruwa, sannan a ɗaga sirdi a zuba. Sai da na shiga sakandare na gane abin da muke yi kashi ɗaya ne na mai cikin kashi hamsin na fetur. Baba bai taɓa faɗa min haka ba. Abin da yake faɗa shi ne, “Dada, duba zane.” In na gaji na tambaye shi me ya sa baburan 'yan acaɓa ba a yi musu wannan wahala, sai ya ce, “Su man injinsu yana da ɗakinsa daban, yana zaune yana aikinsa. Wannan ba ta da ɗaki. Ta baki ɗaya take ci take sha. In babu mai a cikin fetur ɗinta, ƙarfe ne yake gugar ƙarfe a cikinta, tana gudu tana cin kanta.”

Na taɓa zarce zanen don son in burge shi. Bai yi faɗa ba, ya bar ni na gani. Ta yi ta hayaƙi kamar ana ƙona shara, fulogi ya jiƙe ya yi baƙi, ya kwance ya miƙo min da burushi ya ce in goge. Ina gogewa yana cewa, “In ya yi yawa wahala ce, za ki goge fulogi, za ki ƙona salansa ki kakkaɓe. Wannan duk gyaruwa yake. In ya yi kaɗan kuwa babu abin da za ki goge.” Kuma ba kowane mai ba. Tuti muke saya, man da aka yi don ya ƙone tare da fetur, a robarsa, da hatimin murfinsa ba a ɓalle ba. Wanda ake tsiyayawa a kwalabe a bakin titi ko kallonsa ba ya yi, wai bai san uwarsa ba bai san ubansa ba. Baƙin man mota kuwa ya ce kauri gare shi, ba ya ƙonewa tas, toka yake bari ta liƙe zoben fistin. Sabuwar roba in ya kawo sai ya ɗiga a yatsa ya murza, ya shinshina, ya ɗiga kaɗan a kofin gilashi mai fetur mu zuba ido mu ga ko zai narke ko zai kwanta a ƙasa.

Yanzu fa? Je ka layin masu aski da masu cajin waya ka ga yadda samari suke yi wa ƙananan janareta, alhali irin cikin besfa gare su. Mutum ya ɗauko baƙin man da aka juye daga wata mota, baƙi ƙirin kamar kwalta, ya tuttula da ido, ko jijjigawa babu, yana yi yana danna waya. Wani ma mantawa yake sai inji ya fara ƙara. In ka yi magana ya ce ai duk mai ne, anti. In ya mutu a ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Su ne ba su da ƙarko. Ba wanda yake da haƙurin tsugunawa ya dubi zane, kowa sauri yake kamar ana jiransa a wani wuri, kuma in ka bi shi majalisa zai je ya zauna.

Ina ajin ƙarshe na sakandare Baba ya kwanta. Ciwon bai ja ba. Ko yana kwance sai ya sa in tayar da ita a zaure ta ɗan yi kuka, ya saurara daga ɗaki, ya ce, “Lafiyarta lau.” Wata rana da hantsi ina ba shi kunu ya riƙe hannuna ya ce, “Dada, in na tafi Hammanki ne zai hau ta zuwa rumfa. Ke ce za ki riƙa haɗa mata. Kar ki bari a ba ta fetur zalla.” Na ce masa ya daina irin wannan magana. Bai daɗe ba ya rasu.

Wanda bai taɓa zaman makoki a gidanmu ba bai san yadda kayan mamaci suke zama na kowa ba. Butarsa, tabarmarsa, takalmin alwalarsa, duk wanda ya miƙa hannu ya ɗauka. Tun kafin a dawo daga maƙabarta Bappa ya zare makullin besfa daga aljihun rigar Baba, don aike ya yi yawa. A ɗauko tabarmi daga masallaci, a sayo ruwan leda, a kai niƙa, a taro baƙi a tasha, a je a gaya wa dangin da wayarsu ba ta shiga. Duk wanda aka aika, Bappa ya miƙa masa makulli. Mu kuma mutanen kirki ne, kowa ya sani. A wurinmu abin kunya ne ka ari abin hawa ka dawo da shi yadda ka ɗauka, balle na mamaci, balle marayu suna kallo. Don haka duk wanda ya hau, a hanyar dawowa sai ya tsaya wurin 'yan bumburutu ya ce a ƙara kwalba. Ba ya gaya wa kowa, don kar ladansa ya ragu. Fetur zalla, mai kyau, daga zuciya ɗaya. Wanda na haɗa na ƙarshe yana cikin tanki, kowace kwalba tana tsinka shi, kowace tafiya tana ƙone abin da ya saura.

Ni ina ciki, a ɗakin Inna, cikin mata. Ita tana kusurwa a kan tabarma ta shiga takaba, carbi a hannu. Ranar farko duk lokacin da besfar ta karyo kwanar masallaci sai in ga hannunta ya tafi wajen kofi, sannan ta tuna, ta mayar da shi cinyarta. Ban san lokacin da na fara jin abin ba. Fam-fam ɗin ya fara sirancewa, ya koma wani ƙyar-ƙyar kamar keken ɗinkin da aka manta ba a ɗiga wa mai ba. Na leƙa ta taga da aka tayar da ita, ban ga hayaƙi ba. Na matsa kusa da Goggo, yayar Baba, na ce mata a hankali don Allah ta aika a gaya wa Bappa kar a ƙara zuba wa besfa fetur sai na haɗa.

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ke Dada, ubanki ko kwana bai yi a kabari ba kina zancen babur? Ja carbi.”

Washegari da sassafe na haɗa galan guda a bayan ɗaki, na tare Hamma a ƙofar kicin yana ɗauke da kulolin abinci.

“Hamma, ga wannan. In za a ƙara mata, daga nan za a ƙara.”

“A ƙara a ina? Tankin fal yake. Wallahi tun da nake ban taɓa ganin tankin nan ya cika haka ba. Kowa ya ɗauka sai ya sa kwalba. Mutane suna son Baba, Dada.”

“Fetur zalla suke zubawa?”

“To da kunu za su zuba?”

“Babu tuti a ciki, Hamma. Za ta buga.”

“Ta buga me? Jiya ni na je tasha da ita, tashi take kamar za ta bar ƙasa. Ko hayaƙin nan ta daina. Dama abubuwan da kuke ɗura mata ne suke hana ta numfashi. Matsa min, baƙi suna jira.”

Galan ɗin yana nan inda na ajiye har yamma, wata ma ta ɗora wankakkun kofuna a kai. Da na koma ɗaki aka sake tayar da ita a waje. Inna ba ta ɗago ba, bakinta yana motsi da tasbihi, sai na ji ta ce ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji, “Muryarta ta sauya.” Ita ma ta ji. Amma mai takaba ce, kuma maganar ta shafi ƙanin miji, ko wuƙa aka sa mata ba za ta aika masa cewa ya yi ba daidai ba.

Sai na zura hijabi, na ɗauki gwangwani da robar tuti, na fita. Na ratsa zaure na fito ƙofar gida, inda maza suka cika rumfa, liman yana tsakiya, Bappa yana gefensa yana karɓar gaisuwa. Hira ta tsaya. Na durƙusa na gaishe su, na ce, “Bappa, a ba ni makulli in buɗe sirdi, zan zuba mata mai.”

“Mai kuma, Dada? Ai a cike take.”

“Ba fetur ba, Bappa. Tuti. Fetur ɗin da ake ta ƙara mata ne zai kashe ta.”

Wani daga baya ya ce, “Ashe marigayi ya bar bakanike a gida,” aka ɗan yi dariya aka haɗiye. Sai wani abokin Baba na kasuwa, dattijo mai sayar da igiya, ya gyara zama, fuskarsa ta canja. Ya ce, “Yarinya, ni ne na hau ta ɗazu. Da hannuna na sa aka ƙara mata, kuma mai kyau na saya, ban saya na algus ba. In kuma ana ganin mun sha muku mai ne, a faɗa, sai mu biya.”

Shi ke nan. Maganata ta juye ta zama rowa. Na ga kunnen Bappa ya motsa. Mutumin da tun da aka haife ni bai taɓa kirana da wani suna ba sai na uwarsa, ya dube ni a gaban jama'a ya ce, “Ke yarinya. Mutane sun bar sana'arsu sun zo taya mu kuka, kin fito kina musu gorin mai? Tashi ki koma ciki.” Ya juya wajen dattijon yana ba shi haƙuri, wai zafin rashi ne, wai marigayi ne ya sangarta ni. Wani ya ƙara da cewa ai ga shi ma tun da aka fara ba ta mai tsabta ta daina hayaƙi. Kowa ya gyaɗa kai. Manyan mutane, masu gemu, waɗanda suka ga Baba shekara da shekaru yana wucewa da hayaƙin nan a bayansa, babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko mutumin ya san abin da yake yi.

Da yamma Hamma ya leƙo ya ce in kwantar da hankalina, an zuba. Na ce an zuba me? Ya ce baƙin mai, abokinsa ɗan acaɓa ya tsiyayo masa daga nasa. Na ce kamar yaya yawansa? Ya nuna min murfin gorar lemo. Murfi ɗaya, a tanki cike, kuma ba ma irin man ba. Ya tsaya yana jira in gode masa.

Ranar uku aka yi addu'a da safe, aka raba waina, jama'a suka fara watsewa. Da rana ta take sai aka ce a mayar da babbar tukunyar da aka aro daga unguwar Hammadu Kafi. Bappa ya ce shi zai kai da kansa ya yi godiya, Hamma ya hau baya ya rungume tukunya. Manyan maza biyu da tukunyar biki, a tsakiyar zafin Gombe. Ina jin tashinsu. Ba fam-fam, wani siririn ihu take yi, na bi shi da kunne har ya ɓace. Ban yi kuka ba. Na ɗauki gwangwanin na wanke na sa a akwatina.

Bayan la'asar suka dawo a ƙafa, suna tura ta. Babbar rigar Bappa ta yage a kafaɗa, gwiwar Hamma ta ƙuje, murfin tukunya ya lotse, ita kanta tukunyar sun bar ta a wani shago. Wai suna cikin tafiya a kan hawa sai ta yi ƙara, tayar baya ta cije, ta watsar da su a yashi. Kik ya ƙi motsi, kamar an yi masa walda. Sauran mutanen da ke rumfa suka kewaye ta. Aka yi shiru, irin shirun da in ya ƙara daɗewa dole wani ya tuna da yarinyar da ta fito jiya da gwangwani. Ina tsaye a bakin zaure ina kallonsu, na ga idon Bappa ya zo kaina ya kauce. Sai dattijon nan mai igiya ya ɗaga hannu ya ce, “Allahu akbar. Yau uku. Ta bi mai ita.”

Ka ga yadda suka cafe maganar nan! Kamar masu ƙishirwa an miƙo randa. Wannan ya ce wallahi haka ne, wancan ya ce dama shi tun jiya ya ji kukanta kamar na maraici. Kafin magariba labari ya shiga cikin gida, Goggo ta fashe da sabon kuka tana cewa ƙarfe ma ya san ɗan'uwanta mutumin kirki ne. Mata suna ta salati. Inna ta ci gaba da jan carbinta.

Daga baya an kira wani tsohon bakanike da ya saba duba ta. Ina tsaye ya kwance kan injin. Fistin ya fito a bushe, jikinsa duk kwarzane, gefe ɗaya ya narke ya manne. Ya shafa yatsa a ciki ya duba, babu ko danshi. Ya san abin da ya gani, don ya ɗago ya dube ni. Sannan ya dubi Bappa da ke tsaye a kansa da carbi, ya share hannunsa da tsumma ya ce, “Alhaji, tsufa ne. Kwananta ne ya ƙare.” Ya ce kayanta sai an aika Kano. Ba wanda ya aika. Da aka raba gado ta faɗa hannun Hamma, mutumin da ba ya yarda a gan shi a kanta. Yanzu shi ne mai tsaronta. Ba zai gyara ba, wai ba a tayar da abin da ya bi mai shi. Ba zai sayar wa 'yan gwangwan ba, wai albarka ce a gida. Rumfar kanwa kuwa a keke ya yi ta zuwa, kafin ya gaji ya bar ta.

Abin da ya fi ƙona min rai ba mutuwar besfar ba ne. Inji yana mutuwa. Da ta yi shekarunta a hannun Hamma ta gaji ta tsaya, da na ce Allah ya ba mu haƙuri. Amma mutumin nan ya raine ta tun kafin a haife ni, bai taɓa bari ta kwana da ƙishirwa ba, suka kashe ta kafin a naɗe tabarmin makokinsa, da kirkinsu, kowa yana jin ya yi abin lada. Sannan ko kunyar abin ba su ɗauka ba, suka mayar da shi karama suna ba jikoki labari. Inna kuwa, da aka bar mata kukan nan ko na ɗan lokaci ne, da ta riƙa jin sa yana karyo kwana da la'asar. Har yau in lokacin ya yi takan dubi ƙofa. Keke ne kawai suke wucewa, duk muryarsu ɗaya.

To, ranar sunan nan ina dirzar tukunya, jini yana ɗiga a ruwan kumfa, Bappa ya gama ba yara labarinsa. Janaretana yana gefen katanga yana ta aiki, fankoki suna juyawa a rumfar maza, mata sun sa kiɗa a cikin gida. Sai na ji Bappa ya ƙwala wa Hamma kira. “Kai, injin nan na Dada tun safe yake yi mana wahala. Aika a sayo kwalba biyu a ƙara masa, kar mu mayar mata da shi a bushe. Ba girmanmu ba ne.”

Ban tsaya ɗauraye hannu ba. Na miƙe da kumfa har gwiwar hannu, na ratsa ta gaban yaran, na ratsa ta gaban besfar da kajinta, na je na kashe shi. Fankoki suka tsaya, kiɗa ya ɗauke, gida ya yi tsit, mata suka fara leƙowa. Na zare waya na naɗe, na rufe makunnin mai.

Bappa ya ce, “Dada, lafiya?”

Na ce, “Lafiya lau, Bappa. Mai shi tana da rai, ba na so ya riga ta tafiya.”

Babu wanda ya ce Allahu akbar. Na sunkuya na ɗauki injina, da zafinsa da komai, na nufi ƙofa in tari keke. A bakin ɗaki na wuce Inna tana zaune da jaririn a cinyarta. Ta ja mayafi ta rufe bakinta, kafaɗunta suna rawa don dariya.